Bangon Da Yake Karkacewa Kowace Safiya

Shafi na 27

Mai-ido bai shiga ta ƙofar gaba ba. Ya zagaya ta bayan ginin, inda ake jibge yashi, ya cire takalmansa ya riƙe a hannu. Shekara talatin da huɗu yana shiga gine-gine da gyaran murya leburori su miƙe tsaye, yau ga shi yana sanɗa a cikin ginin da shi ya aza masa bulon farko.

Rabin sa'a da ta wuce ya sallami ma'aikata, ya ce shi ma gida ya nufa. Bai tafi ba. Ya laɓe a rumfar mai facin taya da ke tsallaken titi har ya ga abin da ya zo gani: mai babur ya sauke matarsa, ta waiga dama da hagu, ta shige ginin da babu kowa a cikinsa sai ƙanensa, Auta.

A nan tsaye ya yi waya biyu. Ta farko ga wan matar, tsohon hedimasta, wanda shi kaɗai ya gaya wa abin da yake zargi. Ta biyu ga mai ginin. Magana ɗaya ya ƙare musu da ita, muryarsa a dishe kamar yadda ta zama tun bayan rashin lafiyarsa: "Ku same ni a wurin aiki ƙarfe biyar da rabi. Akwai abin da nake so ku gani da idonku, don kada gobe a ce ƙage na yi."

Ba kiran wayar da take yi a ɓoye ne ya fara cin ransa ba, ba kuma ƙurar simintin da yake gani a takalminta ba. Shirun ne. Auta yana da shekara goma aka kawo ta gidan, ita ta ƙarasa rainonsa, kuma shekara ashirin da takwas ke nan ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Ita ta ce masa ɗan goyona mai kunnen ƙashi, shi ya ce mata tsohuwa mai rowar sukari, har maƙwabta su ji. To, mako shida ke nan tsokanar ta mutu. Idan Mai-ido ya shigo, sai su yi tsit, ita ta kalli kwano, shi ya kalli ƙasa.

Ga kuma aikinsa. Kullum zai jera bulo a miƙe sambal, da idon nan da ya sa aka daina kiransa da sunansa na yanka, idon da bai taɓa neman taimakon igiyar awo ba. Washegari ya dawo ya tarar bangon ya sunkuya dama. Wani ne yake taɓa masa aiki bayan ya tafi, kuma mutum ɗaya ne yake tsayawa bayan kowa ya watse.

Sunan da ya gina, da matar da ya aura. Yaron nan duka biyun yake so.

Ya bi ta lungun da zai zama kicin. Kafaɗarsa ta hagu ta daki bakin ƙofa, ya cije leɓe, ya ce a ransa ko wannan ƙofar ma Auta ne ya kafa ta. Daga ɗakin ciki ya jiyo murya.

"Matso kaɗan. Riƙe da kyau, kada ya kuɓuce."

"Yi sauri, Auta. Jiya da na koma ya daɗe yana kallon ƙafata."

"Ya yi magana?"

"Ai da ya yi magana da na fi samun sauƙi."

"Ranar da ya sani, ban san da idon da zan kalle shi ba."

Mai-ido ya saki takalman suka faɗi.

"To, ga ranar ta zo. Nemo idon."

Ba abin da ya zana a ransa ya gani ba. Auta yana kan katakon hawa, cokalin gini a hannunsa. Matar tana ƙasa, ta ɗaure gyalenta a ƙugu, ta danne bakin zare a kusurwar bango da yatsa, siminti ya yi mata fari har gwiwar hannu. Layi uku na bulon da Mai-ido ya jera yau suna jibge a ƙasa.

Amma zuciyar da ta yi mako shida tana tafasa ba ta hucewa don ta tarar da zare.

"Maigida..." in ji matar.

"Gidan yayarkin da kika ce za ki ke nan? Na ga sun yi gyara. Har rufin sun cire."

"Yaya, ka ji..."

"Kai kuma sauko. Sauko daga kan bangona, ɓarawon zaune."

Auta ya sauko a hankali, ya aje cokalin a cikin kwanon siminti.

"Ni na koya maka riƙon wannan cokalin. Ni na sa maka wando ranar da ubanmu ya rasu. Me na rage ka da shi? Kana son mai ginin ya ce na tsufa, ya miƙa maka aiki, wannan na gane. Ɗan'adam ne kai. Amma ita fa?" Ya nuna matar bai kalle ta ba. "Ita da me ka saye ta?"

"Ka san abin da kake faɗa kuwa?" Muryarta ba ta ɗaga ba. "Yaron da na yi wa wanka?"

"Ai ya girma. Na lura kin lura."

Ta saki zaren. Ya yi laƙwas ya sauka a ƙasa tsakaninsu.

"Shekara ashirin da takwas," ta ce. "Na haifa maka biyar, muka binne ɗaya tare. Yau ni ce kake bi a baya ba takalmi."

"To, me ya kawo ki nan? Mace a kango, da la'asar sakaliya, da namijin da ba mijinta ba. Faɗa mini. Ina da kunne."

"Zare nake riƙe masa."

"Leburori goma sha biyu gare ni. Duk hannayensu sun karye?"

"Leburori suna da baki, Yaya," in ji Auta. "Ita ce kaɗai na tabbata ba za a ji a shagon mai shayi ba."

"A ji me?"

Suka kalli juna. Irin kallon nan da yake hana shi cin abinci. Ya ji jini ya hau masa kai.

"Kun gani ko? A gabana ma!"

Auta ya sa hannu a aljihu ya fito da igiyar awo, doguwar igiya mai dunƙulen ƙarfe a ƙarshenta. Ya miƙa masa da hannu biyu.

"Ban taɓa ce maka ka riƙe wannan ba tun da nake. Yau ina roƙonka. Ba a bango ba, Yaya. A iska kawai. Ɗaga ta ka sake ta."

"Ni za ka ba igiya? Ni?"

"In ka ga ta sauka a miƙe, na rantse yau zan bar maka garin nan, ba za ka sake ganin ƙeyata ba."

Wannan alkawarin ne ya sa ya karɓa. Ya ɗaga igiyar daidai fuskarsa, ƙarfen ya yi lilo, ya yi lilo, ya tsaya.

Igiyar ta sunkuya dama.

"Iska ce."

"Babu taga a ɗakin nan tukuna."

"To, ka yi wa ƙarfen wani abu."

"Me zan yi wa ƙarfe ya ƙi bin ƙasa?"

Matar ta sunkuya ta ɗauko gorar ruwan da ta zo da ita, irin ta roba mai haske, ruwan ya kai rabi. Ta kwantar da ita a tafin hannunta a gaban idonsa.

"Wannan fa? Shi ma Auta ya saye shi?"

Ruwan ya taru gefe guda, kamar ana zuba shi a kan gangara, ya tsaya a haka bai motsa ba. Mai-ido ya rufe ido ɗaya. Ya buɗe, ya rufe ɗayan. Ruwan bai gyaru ba.

Ya juya ya kalli ragowar bangon da ya jera yau, layi biyun da ba su kai ga saukewa ba. Shi kaɗai ne a miƙe a duk ɗakin. Ƙofa a karkace, ginshiƙi a karkace, ƙanensa a karkace, matarsa a karkace. Bangonsa kaɗai.

"Jingina igiyar a kai," in ji Auta a hankali.

Ya jingina ta a saman bulon. Ƙarfen ya sauka, ya bar gindin bangon da faɗin yatsa biyu. A layi biyu kacal.

Ya sauke igiyar. Can waje wata mota ta wuce da kiɗa.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar jirin," in ji ta.

Ya tuna ranar. Yana kan katako duniya ta juya masa kamar an murɗa ta, ya sauko da rarrafe, ya yi amai a kan yashi. Mai kemis ya ce kunne ne, ko zafin rana, ya ba shi ƙwayoyi. Kwana uku juyawar ta lafa, ya koma aiki yana yi wa masu yi masa sannu dariya.

"Na warke a kwana uku."

"Juyawar ce ta tsaya. Kai ba ka warke ba." Ta fara lissafawa da yatsunta masu siminti. "Shaƙuwa ta kwana huɗu ba dare ba rana. Ruwa ma sai ka ƙware. Muryarka ta dishe har yau. Kullum sai kafaɗarka ta hagu ta daki ƙofar ɗakinmu, har ka ce kafinta ya cuce mu, ƙofar da ta shekara goma sha biyar a wurin. Ranar nan na kawo maka ruwan wanka da ya kusa tafasa, ka tsoma hannun dama ka ce in ƙaro mai zafi."

"Tsufa ne."

"Tsufa ba ya zaɓar gefe."

Ta zaro wayarta daga ƙugu, ta buɗe wani hoto. Shi ne, a tsakar gida, yana shan shayi. Kansa ya kwanta a kafaɗar hagu kamar mai sauraron wani abu a cikin ƙasa, fatar idonsa na hagu ta sauko rabi.

"Ba haka nake zama ba."

"Haka kake zama, haka kake tafiya, haka kake salla. Na ɗauki hotonka mai motsi na kai wa likitar ƙwaƙwalwa a babban asibiti. Layin yini guda na bi, na ce maka gidan yaya na je. Wannan ƙaryar na yi ta, ka rubuta mini ita."

"Me ta ce?"

"Ta ce jiri ba iri ɗaya ba ne. Akwai na kunne, yana wahalarwa amma yana da sauƙi. Akwai na cikin kai. In jiri ya zo da shaƙuwa da ƙwarewa da dishewar murya, mutum yana tafiya gefe ɗaya yana jansa, ta ce ba a kallon kunne. Ana tsoron wata 'yar jijiyar jini ce ta toshe a can bayan kai, wurin da yake gaya wa mutum ina ne sama ina ne ƙasa. Ta ce idonka lafiya lau yake gani, mai yi masa fassara ne ya karkace."

"Daga hoto ta san wannan?"

"Ta ce ba za ta rantse ba sai an sa ka a na'ura. Amma ta ce in kawo ka a ranar, ba washegari ba. Ta ce irin wannan ƙarami yakan zama ɗan aike, babban yana baya. Ta ce kada ka sake hawa ko kujera." Muryarta ta karye a nan. "Sau uku na aje maka katin asibiti kusa da shayinka. Na farko ka ce ina yi maka fatan ciwo. Na biyu ka goge cokalin gini da shi. Na uku ka tambaye ni wa ya ba ni kuɗin mota."

Ya tuna ukun duka. Na ukun ya fi tunawa, don a ranar ne ya fara bincika wayarta.

Ya juya ga Auta. Akwai tambayar da ba ya son yi, amma ta riga ta hau harshensa.

"Bangon falo."

Auta ya sunkuyar da kai.

"Bangon falon da na sa ka rushe. A gaban mai ginin. A gaban yara."

"Ya wuce, Yaya."

"Na ce maka makaho. Na ce shekara ashirin na ɓata a kanka. Na ba ka guduma na tsaya a kanka har ka kai shi ƙasa." Ya matso kusa da shi. "A miƙe yake?"

"Sau uku na auna shi."

"Igiyar tana aljihunka a ranar?"

"Tana nan."

"Me ya hana ka fito da ita?"

Auta ya ɗago. Idonsa ya yi ja.

"In fito da ita a gaban leburori sha biyu? Kafin magariba duk masu gini na garin nan sun ji cewa idon Mai-ido ya mutu. Wa zai sake kiranka? Ni ƙaramin magini ne, in aka ce na yi bango a karkace, an saba. Kai kuwa idon nan shi ne kai." Ya share hanci da bayan hannu. "Sai na ce bari in riƙa gyarawa kafin siminti ya kama, ita kuma ta lallashe ka ka je asibiti. Mun zaci mako ɗaya ne. Na kuma nemi in matsar da kai aikin ƙasa, ka ce ina so in mai da kai lebura."

"Shirun da kuke yi fa?"

"Ta yaya zan ce mata tsohuwa mai rowar sukari, alhali na san abin da ke cikin kanka?"

Mai-ido ya nemi wurin zama. Ya kai hannu zai dafa tarin bulo, hannun ya wuce gefe, matar ta tare shi da kafaɗarta. Ƙamshin sabulun da ya sani ya haɗu da warin siminti. Tafin hannunta ya yi kaushi, ya tsattsage. Ya ga wannan tsagewar tun makonni, ya fassara ta da abin da ya fassara ta.

Wani ɓangare na zuciyarsa, don kada a yi masa ƙarya, bai daina ciwo ba. Su biyu sun san shi fiye da yadda ya san kansa. Sun zauna sun yi shawara a kansa, sun raba aikin tausayinsa a tsakaninsu, shi yana waje. Wannan ma kishi ne, kuma bai san inda zai aje shi ba.

"Ki yafe..." ya fara.

Hon ɗin mota ya katse shi. A ƙofar gaba. Aka rufe murfi ɗaya, aka rufe na biyu.

Sai a lokacin ya tuna.

"Ƙarfe nawa?"

"Biyar da rabi," in ji Auta. "Wane ne?"

Ya kalli ƙofa. Fuskarsa ce ta amsa. Matar ta janye kafaɗarta a hankali.

"Wa ka kira?"

"Mai ginin."

"Da wa? Murfi biyu na ji."

"Da Hedimasta."

"Yayana." Ta kalli hannayenta, ta kalli gyalen da ke ɗaure a ƙugunta, ta kalli ƙofar ɗakin, wadda ita kaɗai ce. "Ka kira yayana ya zo ya gan ni."

"Salamu alaikum! Masu gini!" Muryar mai ginin ce daga falo, takalmansa suna taka ɓaraguzai.

Auta ya matso da sauri, yana magana ƙasa-ƙasa.

"Yaya, ba ni igiyar. Ka ce ni ka kama ina ɓata maka aiki. Ka kore ni a gabansu, zan ɗauka. Ita kuma ka ce tare kuka zo."

"Na riga na gaya wa Hedimasta abin da nake zargi."

"Innalillahi."

Suka shigo. Mai ginin a gaba, yana ɗage babbar rigarsa daga ƙura. Hedimasta a bayansa, dogo, busasshe, gilashinsa a kan hanci. Mai ginin bulon da ke ƙasa ya kalla. Hedimasta ƙanwarsa ya kalla, daga kanta har ƙafarta, sannan ya kalli Auta, ya cire gilashin ya ninke shi.

"Ashe gaskiya ne."

"Yaya, ba abin da..."

"Ban tambaye ki ba." Ya juya ga surukinsa. "Mun zo. Ka ce akwai abin da za mu gani da idonmu. Faɗi da bakinka, ni kuma na san abin da zan yi da ita."

"Ni ma a gaya mini wa ya sauke mini bulo," in ji mai ginin.

Igiyar tana hannun Mai-ido. Ya ji nauyin ƙarfen a tafinsa. In ya mayar da ita aljihu, gobe ma shi ne Mai-ido, ya ci gaba da shiga gini ana miƙewa tsaye. In ya miƙa ta, shekara talatin da huɗu sun ƙare a ɗakin da ko taga babu.

Auta yana girgiza masa kai.

Matar ba ta roƙe shi ba. Kallonsa kawai take yi, a karkace, kamar kowa da komai.

Ya miƙe tsaye. Ya ɗaga igiyar, ya nufi mai ginin da ita. A ransa maganar ta riga ta jeru, layi bisa layi: rataya wannan a bangona, ni ne mai laifi, matata zare take riƙewa.

Taku ɗaya ya yi, ƙasa ta tashi tsaye.

Rufin da babu shi ya juya, fuskoki huɗu suka zama takwas. Ya buɗe baki. Harshen ya yi nauyi kamar jiƙaƙƙen buhu.

"Ma... mata... ta..."

Ƙarfen ya suɓuce ya daki ƙasa. Ya ji hannun Auta a hammatarsa, ya ji matar tana ihu a kawo mota, babban asibiti, yanzu, yanzu. Yana jin komai sarai. Ya sake tattara ƙarfinsa gaba ɗaya a kan kalma guda, ta ƙi fita.

Hedimasta ya sa ƙafa ya ture igiyar gefe don a sami hanya. Sannan ya riƙe hannun ƙanwarsa, ya ɓamɓare shi daga rigar mijinta.

"Sake shi. Kin ji ai, ko sunanki ya kasa faɗa. Ke ba za ki shiga motar nan ba."